DOGUWAR TAKARDA, GAJEREN ALJIHU: YADDA A KE RUBUTA MAGANI A BAUCI

Tun kafin hantsi ya dubi ludayi, bencunan sashen marasa lafiya masu zuwa su koma gida sun cika maƙil a asibitocin birnin Bauci. Akwai mutanen Jahun da Kobi da Nasarawa, akwai na Yalwa da Fadaman Mada, ga kuma waɗanda suka yi sammako daga Liman Katagum ko Kangere ko Das. Kowa yana riƙe da katinsa, yana jiran a kira sunansa. In layi ya zo kan mutum, mintocin da zai yi a gaban likita ba su da yawa. Zai faɗi abin da ke damunsa, a duba shi, sa'an nan a miƙo masa 'yar takarda mai rubutun da ba ya iya karantawa.

To, daga nan ne wata jinyar ta ke farawa, watau jinyar aljihu. Mai takarda zai nufi tagar ɗakin ba da magani, a buga masa lissafi. In kuɗin ya fi ƙarfinsa sai ya naɗe takardarsa ya fita, ya shiga kyamis na bakin asibiti, ko ya gangara wajen Wunti ko Muda Lawal ko ya sami rangwame. A ƙarshe sai a ji ya yi tambayar nan da kowane mai sayar da magani ya saba ji, cewa a cikin waɗannan duka wanne ne ya fi muhimmanci, domin kuɗinsa na biyu ne kawai. Nan take hukuncin da likita ya yanke bayan karatun shekara shida ya koma hannun yaron kanti da abin da ya rage a aljihu.

Galibi in ana maganar tsadar magani, kasuwa a ke zagi, da dala, da 'yan kasuwa. Suna da nasu laifin, babu shakka. Amma wani babban kaso na kuɗin tun a bakin alƙalamin mai rubuta takarda a ke yanke shi: magani nawa ya rubuta, da wane suna ya rubuta shi, ƙwaya ce ko allura, kuma an yi gwaji kafin a rubuta ko kuwa kintace ne.

ƘOFAR FARKO

Babban asibitin da ke birnin shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. A da shi ne Asibitin Ƙwararru na jiha, sai cikin 2010 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi na koyarwa, jiha kuma ta kafa wani Asibitin Ƙwararrun. Ban da su akwai ƙananan asibitocin unguwanni, irin na Tashar Babiye da na Ƙofar Ran, ga kuma asibitocin kuɗi a kusan kowace shiyya. A dukkansu ƙofar farko iri ɗaya ce, ɗakin da likita ko malamin asibiti ke duba kowane irin ciwo: zazzaɓi, mura da tari, gudawa, ciwon ciki, ciwon gaɓoɓi, hawan jini da ciwon suga. Mafi yawan takardun magani a wannan ɗaki a ke rubuta su.

Wanda ke biya kuwa shi ne majinyacin ko danginsa. Ƙididdigar Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 daga cikin 100 na kuɗin da a ke kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a ya ke fitowa kai tsaye. Saboda haka kowane layi da aka ƙara a takarda, kwanon masara ne aka ɗebe daga rumbun wani, ko kuɗin makarantar wani yaro.

MA'AUNI BIYAR

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. Cikin 1977 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin muhimman magunguna kimanin 200, ta ce waɗannan sun isa su biya bukatar mafi yawan jama'a. Cikin 1985 masana suka taru a Nairobi ta ƙasar Kenya, suka tsai da cewa amfani da magani bisa hankali shi ne majinyaci ya sami maganin da ya dace da ciwonsa, daidai awon da ya dace da jikinsa, na tsawon kwanakin da suka kamata, a kan kuɗi mafi sauƙi gare shi da al'ummarsa. Ƙungiyar ta kiyasta cewa fiye da rabin magungunan da a ke rubutawa ko sayarwa a duniya ba bisa ƙa'ida a ke yi ba, kuma rabin masu shan magani ba sa sha yadda ya kamata.

Cikin 1993 aka fito da ma'auni biyar da kowane asibiti zai iya auna kansa da su. A ɗebo takardun magani na baya, a ƙirga: magani nawa a ke rubuta wa mutum ɗaya, nawa aka rubuta da sunansu na asali, mutum nawa aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda a ke kira antibayotik, mutum nawa aka rubuta wa allura, nawa ne kuma ke cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa. Alƙaluman da a ke kwatantawa da su a ƙasashe da yawa sun samo asali ne daga wani aiki da Farfesa Ambrose Isah na Jami'ar Benin da abokan aikinsa suka yi a nan Nijeriya. Sun nuna cewa abin da ya dace shi ne magani 1.6 zuwa 1.8 ga mutum ɗaya, watau ƙasa da biyu in an daidaita; antibayotik kada ya wuce kashi 27 daga cikin 100 na masu zuwa; allura kada ta wuce kashi 24; sunan asali kuwa ya zama ɗari bisa ɗari.

Da aka gwada ma'aunin a ƙasashe 12 masu tasowa, aka buga sakamakon cikin mujallar likitoci ta Lancet a 1993, sai aka sami Nijeriya da magani 3.8 ga mutum ɗaya, watau ninki biyu na abin da ya dace. An kuma ambace ta tare da Yuganda da Sudan cikin ƙasashen da suka fi yawan yin allura. Duk wanda ke da tsohuwar takardar asibiti a gida, a Bauci ko a wani gari, yana iya ɗauko ta ya ƙirga layukan da kansa.

ABIN DA KE TSAWAITA TAKARDA

A ɗauki misalin magidancin da ya zo da zazzaɓi na kwana biyu da ciwon kai. Takardar da aka saba gani tana ɗauke da maganin zazzaɓin cizon sauro, da antibayotik na taifot, da farasitamol, da wani maganin ciwon jiki, da maganin ƙarin jini, wani lokaci har da allura ta kwana uku. Abu shida ke nan, alhali kuwa mai yiwuwa biyu ne ke da aiki.

Zazzaɓin cizon sauro gaskiya ne ya yi katutu, domin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya su ke. Amma ba kowane zafin jiki ne shi ba. Tun 2005 ƙasar nan ta bar kulorakwin ta koma magungunan haɗin atimisinin, waɗanda suka fi shi tsada, kuma tun 2010 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da su. Gwajin gaggawa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. In aka tsallake gwaji, an sayar wa mutum maganin da ba ya bukata, ainihin ciwonsa kuma yana nan yana cinsa.

Sai kuma taifot, wanda ya zama ɗan rakiyar maleriya a bakin jama'a. Gwajin da aka fi yi masa shi ne na Widal, wanda wani likitan Faransa ya ƙago tun 1896. Likitoci sun daɗe da sanin rauninsa: yakan nuna alama ga wanda ya taɓa gamuwa da ƙwayar cutar shekarun baya, yakan kuma nuna ga mai maleriya zalla. Tabbataccen gwaji shi ne a rainon jinin a ɗakin bincike na 'yan kwanaki, wannan kuwa yana da tsada, kuma ba ko'ina a ke yinsa ba. Ta haka ne mutane da yawa ke sayen antibayotik mai ƙarfi domin ciwon da ba su da shi.

Haka abin ya ke ga mura da gudawar yara. Yawancin mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa ta ko kaɗan. Gudawar yara kuwa, tun 2004 shawarar Ƙungiyar Lafiya ta Duniya da UNICEF ita ce ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Su ne mafi araha a kanti, su ne kuma ke ceton rai.

Allura tana da nata tarihin. Tun da fenisilin ya shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutane suka ga yadda allura ɗaya ke warkar da abin da ya gagari sassaƙe, sai imani ya kafu cewa magani in bai huda fata ba bai shiga jiki ba. Ga wanda ke iya haɗiya, ƙwaya tana yin aikin allura a yawancin cututtukan da a ke kawowa wannan ɗaki. Allura kuwa sai an sayi sirinji, an biya mai yi, an biya kuɗin mota a dawo gobe da jibi. Ga haɗarin ƙurji, ga na shanyewar ƙafar yaro in an soki jijiya, ga ciwon hanta ko ƙanjamau in an maimaita allurar da aka yi wa wani.

Ba daidai ba ne a ɗora wa likita laifin duka. Mutum ɗaya ne a gaban dogon layi, ɗakin gwaji wani lokaci ba wuta, ya kuma san cewa mutumin Das in ya tafi ba lalle ya dawo ba, sai ya rubuta abin da zai toshe kowace kafa. Majinyaci ma yana da nasa hannun. Wanda aka ba farasitamol kaɗai aka ce ya je ya huta, fita zai yi yana cewa likitan nan bai san aiki ba. A asibitocin kuɗi kuma, inda jama'a ba su son biyan kuɗin ganin likita, ribar gidan a kan magani da allura da ƙarin ruwa ta ke. Ga kuma wakilan kamfanoni masu zagaya ofisoshin likitoci suna tallata sunayen hajarsu.

SUNAN YANKA DA LAƘABI

Kowane magani yana da sunansa na yanka, wanda duniya duka ta san shi da shi, yana kuma da laƙabin da kamfani ya sa masa domin kasuwa. Panadol laƙabi ne, sunan yankansa farasitamol. Flagyl shi ne metronidazol. Augmentin haɗin amoksisilin ne da kilabulanik. Coartem kuwa haɗin atimita ne da lumefantirin. Kamar dai yadda uwargida ke aiken yaro ya sayo Omo, alhali garin sabulu ta ke nufi.

Bambancin yana bayyana ne wajen biya. Binciken farashin magunguna da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta yi tare da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wanda aka buga cikin 2006, ya nuna cewa mai laƙabin kamfanin farko yana kai ninki 2 zuwa 7 na takwaransa mafi araha. In likita ya rubuta laƙabi, majinyaci zai yi ta yawo yana neman wannan kwalin shi kaɗai, ba zai yarda a ba shi wani ba. In ya rubuta sunan yanka, mai harhaɗa magunguna yana iya jera masa uku ko huɗu ya zaɓi daidai ƙarfinsa.

Masu rubuta laƙabi suna da hujjarsu, ita ce tsoron jabu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. An kafa hukumar NAFDAC cikin 1993, kuma yaƙin da marigayiya Dora Akunyili ta yi da jabun magunguna daga 2001 zuwa 2008 ya nuna wa kowa girman ɓarnar. Amma fa masu jabu sun fi son kwaikwayon laƙabi mai tsada, domin nan riba ta ke. Abin da ke kare mutum shi ne sayen magani mai lambar hukuma daga wurin da aka san inda ya ke saro kayansa.

DAGA KYAUTA ZUWA KUƊI HANNU

Dattawan Bauci ba su manta da zamanin da a ke zuwa asibiti da kwalba ba. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar ran 3 ga Fabrairu, 1976, kuɗin man fetur na shigowa, magani a asibitin gwamnati kyauta ne ko kuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu cikin 1986, sai kantocin asibitoci suka bushe. Haruffa biyu na Turanci, O/S, watau magani ya ƙare, suka zama abin da a ke rubutawa a gefen kowace takarda.

Cikin 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako ta ƙasar Mali, suka amince da tsarin jari mai juyawa: a zuba wa asibiti magani, a sayar da ɗan sauƙi, a sake sarowa da kuɗin. Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya rungumi tsarin. A zamaninsa aka kafa doka ta 43 ta 1989 kan jerin muhimman magunguna, aka kuma fito da manufar magunguna ta ƙasa cikin 1990. Asusun rarar man fetur, watau PTF, ya sake zuba magunguna a asibitoci a ƙarshen shekarun 1990. Inda aka riƙe amana jari ya juya, inda aka ci uwar kuɗi ya mutu. Jihar Bauci tana da hukumarta ta musamman mai kula da saye da rarraba magunguna da kayan asibiti, wadda aka kafa domin a riƙa saye a dunƙule daga tushe, farashi ya sauko.

Sai ga guguwar 2023. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, cikin Yuni aka saki Naira, dalar da a ke saye wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Ga shi kuwa kusan kashi 70 daga cikin 100 na magungunan ƙasar nan daga waje a ke kawo su, galibi daga Indiya da Sin, waɗanda a ke yi a gida ma sinadaransu na waje ne. Cikin Agustan 2023 kamfanin GlaxoSmithKline, mai Augmentin da abin shaƙar asma na Ventolin, ya ba da sanarwar daina harka da kansa a Nijeriya, Sanofi ya bi baya cikin Nuwamba. Farashin waɗannan magunguna ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. Cikin Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin ɗauke haraji na shekara biyu daga sinadarai da injunan yin magani, kamar yadda Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan asalin Misau ta Jihar Bauci, ya bayyana.

Masana suna da hanya mai sauƙi ta auna tsada. In kuɗin magani ya wuce ladan kwana ɗaya na ƙaramin ma'aikacin gwamnati, to, ya yi tsada. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar cikin Yulin 2024 Naira 70,000 ne, watau kimanin Naira 2,300 a rana. Manomi da ɗan garuwa da mai sayar da ƙosai ko wannan ba su da tabbacinsa.

RABIN MAGANI

Illar doguwar takarda ba ta tsaya a aljihu ba. Wanda aka rubuta wa antibayotik na kwana bakwai ya sayi na kwana biyu, ya kashe raunanan ƙwayoyin cuta ne ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Shi kansa Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi cikin 1945 sa'ad da ya ke karɓar lambar Nobel. Binciken da Lancet ta buga cikin 2022 ya kiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya cikin 2019 saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne abin ya fi shafa. Saboda haka ne tun 2017 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na yau da kullum, na taka-tsantsan, da na ajiya. Amoksisilin yana gida na farko. Sifrofuloksasin da seftirayazon, waɗanda a ke rubutawa domin taifot na zato, suna gida na biyu. Duk ranar da suka daina aiki, sai an koma ga waɗanda talaka ko sunansu bai taɓa ji ba.

Masu hawan jini da ciwon suga su ne suka fi shan wuya, domin nasu maganin ba ya ƙarewa. Dattijon da aka rubuta wa laƙabi mai tsada zai sha wata ɗaya, ya tsallake biyu. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Da an rubuta masa sunan yanka, amlodifin alal misali, da kuɗin wata ɗayan nan ya kai shi watanni. Abin da aka yi tsimi a kanti, sai a biya shi ninki goma a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki.

INA MAFITA?

Inshorar lafiya tana rage nauyi ga wanda ya shiga. A tsarin tarayya na ma'aikata, wanda aka ƙaddamar cikin 2005, kashi 10 daga cikin 100 na kuɗin magani kawai mutum ke biya. Dokar 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 daga cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa galihu. Jihar Bauci ma tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya. Sai dai har yanzu waɗanda ke waje sun fi na ciki yawa nesa ba kusa ba, ita ma inshorar doguwar takarda tana iya karya ta.

Gyaran da ba ya bukatar dala yana hannun shugabannin asibitoci. Kowane wata uku a ɗebo takardu ɗari daga sashen masu zuwa su koma, a auna su da ma'aunin nan biyar, a nuna wa kowane likita sakamakonsa. A tabbata kayan gwajin maleriya ba su yanke ba. A liƙa farashin magunguna a bangon ɗakin jira, da Hausa, da boko da ajami. A kuma ba mai harhaɗa magunguna damar komawa wurin likita in ya ga takardar ta fi ƙarfin mai ita.

Majinyaci kuma yana da haƙƙin tambaya, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce. Kafin ya tashi daga kujera ya nemi sanin sunan ciwonsa, da aikin kowane magani da aka rubuta, da ko akwai irinsa mai sauƙin kuɗi. In ya san kuɗinsa ba zai kai ba, ya faɗa tun a nan, domin likita ne ya san abin da za a iya ɗagawa da wanda in an bari rai na cikin haɗari. In kuma an ce masa ba ya bukatar allura, ya yi godiya, an bar masa kuɗin cefane ne.

Tambayar nan da a ke yi wa yaron kyamis a Wunti tambaya ce mai kyau, wurin yin ta ne aka kuskure. A gaban likita ya kamata a yi ta, tun alƙalami bai sauka a kan takarda ba.